Gida a buɗe, baƙo da kuɗinsa a hannu, na'ura ta ce a'a

Masu bada hayar gida na kwana ɗaya kwana biyu a Airbnb, manhajar da ke haɗa masu gida da baƙi, sun daɗe suna kuka da abin da zan baje a nan, wato na'urar kamfanin da ke tare baƙo ta hana shi kama gida idan ta yi zargin fati zai yi, musamman a Amurka da Kanada inda aka fara tsananta abin. Na tattara shi ne a gida ɗaya dan a gan shi kusa da kusa, mutanen da ke ciki na misali ne shi yasa babu suna, amma dokokin da tarihin da ya haifo su duk abu ne da ya faru a gaban duniya.

Matar da ke da gidan ma'aikaciyar jinya ce a Houston ta jihar Texas a Amurka, 'yar Arewa, ta yi shekaru tana aikin dare tana tari har ta ci bashin banki ta sayi gida na biyu mai ɗaki huɗu a bayan gari, da ɗan fili a baya da wajen ajiye mota biyu. Duk ƙarshen wata banki na jiran kuɗinsa ko an samu baƙo ko ba a samu ba, ga harajin gida wanda a Texas ba wasa ba ne, ga inshora, ga mai shara da wanki da take biya duk sanda baƙo ya fita. Wanda bai taɓa wannan harkar ba bazai gane ba amma Juma'a da Asabar su ne cinikin, tsakiyar sati sau da yawa gidan a kulle yake kwana, toh idan wikend ɗaya ya wuce babu kowa wannan kuɗin ya tafi kenan, dare ba atamfa ba ne da za ka mayar kan kanta ka sayar gobe.

A watan Mayu lokacin yaye ɗalibai sai ga saƙo ya shigo mata ta cikin manhajar:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki yi haƙuri, sunanki na gani nace ko Bahaushiya ce. Ni ɗalibi ne ranar Asabar za a yaye mu, Baba da Umma da ƙannena biyu suna hanya daga Kano, ina so in kama gidanki kwana biyu amma duk sanda na danna wajen biya sai ya ƙi, yana nuna min wai akwai alamar za a yi fati. Wallahi Anti ba fati zan yi ba."

Ta amsa sallama tace masa "ƙanina kwantar da hankalinka bari in duba". A nata ɓangaren babu komai, kalandar gidan a buɗe take, ba ta ƙi kowa ba, ba ta ga ma wata buƙata ta shigo ba balle ta ƙi. Abin da ya fi ba masu gidaje takaici ke nan, ba a sanar da kai an tare maka baƙo, idan mutumin bai da naci irin na yaron nan ya bi ta wajen tambaya ya turo saƙo ba, har abada ba za ka san an yi ba, kai dai kaga ciniki ya ja baya ka dinga zargin farashinka ko hotunan da ka ɗora. Ta danna masa amincewa tun daga ɓangarenta, ya sake gwadawa ya ƙi. Ta tura masa tayi na musamman da farashin, ya ƙi. Ta kira masu kula da kwastoma ta zauna a layi tana jira da kayan aikin asibiti a jikinta, wanda ya ɗauka ya yi mata magana cikin ladabi amma ƙarshen zancen dai sistem ne ya yanke, shi ba shi da maɓallin buɗewa, ita ma mai gidan ba ta da shi.

Yanzu mu duba abin da na'urar ta gani, dan ita ba ta ga Umma da ke ɗaure kayan yaji da daddawa a akwati ba. Ta ga akawun da aka buɗe a satin, babu ko shaida ɗaya daga wani mai gida da ya taɓa sauke shi. Ta ga yaro ɗan shekara 23. Ta ga gida sukutum mai ɗaki huɗu ba ɗaki ɗaya a gidan wani ba, kwana biyu kacal, Juma'a da Asabar, kuma gidan tafiyar minti ashirin ne daga inda yake zaune, sannan saura kwana kaɗan ranar ta zo. A watan Agusta 2022 da kamfanin ya sanar da wannan fasahar ta hana fati a Amurka da Kanada, shi da kansa ya lissafa irin abubuwan da take dubawa, tarihin kyakkyawar shaida ko rashinta, daɗewar mutum a manhajar, tsawon zaman, nisan gidan daga inda mutum yake, da kuma ko ƙarshen mako ne ko tsakiyarsa. Kaga yaron nan kusan babu wanda bai taka ba. Tambayar da injin yake yi mai sauƙi ce, me zai sa mutumin da ke da wajen kwana a garin ya kama katafaren gida a garin na dare biyu? Ɗan yawon buɗe ido daga nesa yake zuwa, mai shirya casu kuwa a kusa yake kamawa dan abokai su samu zuwa.

Kuma gaskiya ba da rana tsaka aka ƙirƙiro abin ba, jini ne ya zuba. Daren 31 ga Oktoba 2019, daren Halowin, a wani ƙaramin gari mai suna Orinda a jihar Kalifoniya, an kama wani babban gida na dare ɗaya aka tallata fati a soshiyal midiya, mutum sama da ɗari suka cika gidan, aka buɗe wuta, mutum 5 suka rasu. Kwana biyu bayan nan shugaban kamfanin Brian Chesky ya fito yace sun haramta gidajen da aka mayar na fati. Ƙarshen Janairu 2020 aka kashe samari 3 a wani gidan bene da aka kama a Toronto ta Kanada, daga nan aka fara hana 'yan ƙasa da shekara 25 kama gida sukutum a kusa da inda suke zaune idan ba su da tarihin kyakkyawar shaida, aka fara a Kanada, a cikin shekarar ta shigo Amurka sannan Birtaniya da Faransa da Sifen. Da korona ta rufe kulob da mashaya sai matasa suka koma kama gidaje, a watan Agusta 2020 kamfanin ya hana fati a duk duniya na wucin gadi ya kuma ƙayyade mutum 16 a gida. Afrilu 2022 ranar Ista aka sake buɗe wuta a wani gidan da aka kama a Pittsburgh ta Amurka, yara biyu 'yan shekara 17 suka mutu. Watan Yuni na shekarar dokar ta zama ta dindindin, aka cire ƙa'idar mutum 16 ɗin saboda manyan gidaje amma hanin fati ya zauna. Ita na'urar tantancewar an fara gwada ta a Ostireliya tun Oktoba 2021, kamfanin yace fati ba izini ya ragu da kashi 35 cikin ɗari a wuraren da aka gwada, a 2023 kuma aka faɗaɗa ta zuwa sauran duniya, wato mai gida a Abuja ko Legas da ya ɗora gidansa a manhajar shima yana ƙarƙashinta. Lokutan bukukuwa irin su Halowin da daren sabuwar shekara da hutun 4 ga Yuli na 'yancin kan Amurka ana ƙara ɗaure igiyar a kan masu kwana ɗaya da biyu.

Akwai abu ɗaya a labarin Orinda da ya daɗe yana damuna, kuma shi ne ya hana ni tsayawa gaba ɗaya a bayan masu cewa a bar mai gida ya yanke hukunci tunda gidansa ne. Matar da ta kama gidan can ta yi magana da mai gidan, ta gaya masa danginta ne mutum 12 za su sauka, suna gudun hayaƙin gobarar daji saboda masu asma a cikinsu. Labari mai taɓa zuciya, labarin iyali. Mai gidan ya yarda. Toh ka ɗora wannan kusa da saƙon yaron nan na Kano, iyaye suna hanya, wallahi ba fati ba ne. Ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya amma a rubuce kamarsu ɗaya, kuma ita ma'aikaciyar jinyar nan duk kirkinta ba ta da abin auna su sai zuciyarta da sallamar da aka yi mata da Hausa. Mu kuwa mun san kanmu, da zarar mutum ya yi mana yarenmu a ƙasar waje sai mu saki jiki. Ba laifi ba ne, halinmu ne kuma ina son shi, amma mai niyyar ɓarna ma ya san da haka.

Duk da haka ina ganin an zalunci mai gida ta wata fuskar. Ita ke biyan bashin banki, ita maƙwabta za su buga wa ƙofa, ita ta san unguwar, amma hukuncin da ya shafi aljihunta an yanke shi ba a ko gaya mata ba. Shi kuma baƙon da aka tare ba a barshi haka nan ba, ana nuna masa ɗaki a gidan da mai gidan ke ciki ko ɗakin otal ya kama, wato kamfanin na iya samun kamashonsa ta wata ƙofar, ita ce dai ta tashi a tutar babu. Ko da ba za a ba ta ikon buɗewa kai tsaye ba, ai ana iya sanar da ita, ana iya samar da mutum mai rai da zai duba takardar yaye ɗalibi da tikitin jirgin iyaye ya ce wannan kam a bar shi ya wuce. Yanzu kuskuren na'ura a kan mai gaskiya babu inda ake kai ƙararsa a kan lokaci, Asabar ɗin za ta zo ta wuce kafin a gama jiran amsa.

Yaron ne ya fara kawo shawarar da kowa ke kawowa, wato a biya a waje ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki a Amurka. "Anti toh ko in turo miki kuɗin ta Zelle kawai, ki bani lambar ƙofa, ba sai mun bi ta wajensu ba, ke ma kin huta da kamasho." Ta ɗan yi shiru a kan wannan dan gaskiya akwai jan hankali, a ce dala 280 ne a dare, kwana biyu da kuɗin shara ya haura dala 600, ga shi ɗan gida ne. Amma dokar kamfanin ta hana karɓar kuɗi a waje ga baƙon da aka haɗu da shi a ciki, suna kuma duba saƙonnin da ke wucewa ta manhajar, ana iya dakatar da akawun ɗinta da duk shaidun da ta shekara tana tarawa. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Kariyar da suke kira AirCover, wadda ke biyan ɓarnar da baƙo ya yi har zuwa dala miliyan 3, tana aiki ne kawai a kan zaman da aka kama ta cikin manhajar. Idan ta karɓa a waje wani ya zame a banɗaki ya karye ko tukunya ta kama da wuta, ita kaɗai ce da Allahnta, inshorar gida ta yau da kullum kuma galibi ba ta ɗaukar asarar da ta faru lokacin da ake haya ta kasuwanci. Kuma ka lura da wani abu, mutumin da na'ura ta riga ta ce akwai shakku a kansa shi ne za ka shigo da shi ta hanyar da babu kariya ko ɗaya, idan zuciyarka ta yi kuskure sau ɗaya a cikin goma wannan ɗayan ya isa ya cinye ribar shekara. Tace masa "a'a ƙanina, wannan kam ba zan yi ba, ba dan ban yarda da kai ba".

Dabara ta biyu da wasu masu gidaje ke yi ita ce a ce wa baƙo ya kama kwana huɗu ko biyar dan ya wuce shingen, bayan nan a rage kwanakin a mayar masa da kuɗi. Wani lokaci tana ci wani lokaci ba ta ci, amma ni ban yarda da ita ba, yaudarar tsarin ce ƙiri ƙiri, kuma idan wani abu ya faru saƙonninku suna nan a ajiye suna nuna kun haɗa baki. Ta uku ita ce a samu wani abokinsa mai tsohon akawun ya kama masa, wannan ma dokarsu ta hana mutum ya kama wa wani gidan da shi ba zai kwana a ciki ba, kuma nan ma kariyar na iya faɗuwa.

Sai ta yi abin da ya kamata tun farko, ta fara tambaya kamar yadda za ta tambayi mara lafiya. Su waye za su kwana, mutum nawa, yaushe jirginsu zai sauka yaushe za su bar garin, akwai wani babba a cikinsu da ya taɓa amfani da manhajar? Nan ne abubuwa biyu suka fito. Na farko ashe yana da yaya mace da ke aure a jihar Maryland, shekararta 31, ta daɗe tana kama gidaje idan sun yi tafiya da mijinta, tana da shaidu masu kyau, kuma ita ma tana zuwa bikin, a gidan za ta kwana da iyayen. Kuma iyayen ranar Alhamis za su sauka sai Litinin za su wuce wajenta, shi dai kwana biyu ya iya biya, sauran ya yi niyyar ya cusa su a ɗakinsa na makaranta shi ya koma wajen aboki. Wato zaman na gaskiya kwana huɗu ne, mai kamawa ta gaskiya kuma tana nan, ba sai an ƙirƙiro komai ba.

Na biyun shi ne wanda ya sa ta ajiye wayar ta sake ɗauka. Yace "sai dai Umma tace bayan an dawo daga makaranta za a ɗan yi walima, ba wani abu ba, abokaina ne da 'yan masallacinmu su zo su ci abinci a yi addu'a". Tace mutum nawa? Yace bai ƙirga ba, ƙila talatin ƙila arba'in, kin san mutanenmu. Toh fa. Yaron bai yi ƙarya ba da ya rantse, a wajensa fati shi ne kiɗa da giya da rawa, walima kuwa ibada ce da zumunci. Amma maƙwabcin da ya ga mota goma sha biyar sun tare masa hanyar shiga gida bai san bambancin ba, zai kira 'yan sanda ko layin ƙorafin maƙwabta da kamfanin ya buɗe, dokar kuma ta shafi duk taron da zai dami unguwa ko da ruwan zoɓo kawai ake sha. Kenan na'urar da ba ta san komai game da shi ba ta ɗan taɓo gaskiya ta hanyar da ita ma ba ta sani ba, kuma da Anti ta karɓi kuɗin nan ta Zelle da ranar Asabar da yamma za ta gane.

Ta gaya masa a fili, gidan na mutum takwas ne masu kwana, baƙin yini ba za su wuce huɗu ba, akwai kyamara a ƙofar waje da na'urar auna ƙarar hayaniya a falo kuma duk an rubuta a bayanin gidan, ita na'urar ba ta naɗar magana, ƙarfin sauti kawai take aunawa. Kyamarar cikin gida kuwa babu, kamfanin ya haramta ta gaba ɗaya tun 30 ga Afrilu 2024. Walima kuma a nemi zauren masallaci ko a kama rumfa a wajen shaƙatawa na gari, ta ma ba shi shawarar ya yi sauri dan watan Mayu rumfunan ƙarewa suke. Ya ɗan ji ba daɗi, yace bari ya yi magana da Umma. Da daddare yayar ta kira ta cikin girmamawa, "Anti mun gode, ki yi haƙuri da yaron nan bai san kan abin ba, ni zan kama, walimar kuma mun samu waje a masallaci".

Yayar ta shiga da nata akawun ɗin, daga Maryland, Alhamis zuwa Litinin, ta rubuta adadin mutanen daidai ta sa sunan kowa. Ya wuce a danna ɗaya. Ba ina cewa kullum haka yake wucewa ba, akwai masu tsohon akawun da shekaru masu yawa da ake tarewa su ma musamman idan 'yan gari ne, amma a nan duk abin da ya tada na'urar ya kau da kansa saboda an faɗi zaman yadda yake. Bayan nan matar ta canza 'yan abubuwa a gidan nata, ta mayar da mafi ƙarancin zama a ƙarshen mako kwana uku a lokutan bukukuwa, ta ƙara layi a bayanin gidan cewa duk wanda ya samu matsala wajen biya ya turo mata saƙo kafin ya tafi wani wajen, ko ba komai ta san nawa ake tare mata.

Ranar Litinin da azahar ta biya gidan kafin ta wuce aiki. An wanke tukwane an kife, an naɗe dardumar salla an ajiye a kan kujera, a kan teburin kicin an bar mata roba cike da dambun nama da 'yar takarda da rubutun Umma na godiya da addu'a. Na'urar sauti ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba a kwana huɗun. Ta zauna a mota ta rubuta shaida mai tauraro biyar, sai dai shaidar a akawun ɗin yayar ta sauka tunda ita ta kama. Na yaron yana nan yadda yake, sabo, babu shaida ko ɗaya, kuma sai nan da shekara biyu zai cika 25.